Makon da Bankunan Abijan Suka Wayi Gari a Kulle

Ina gaida 'yan kasuwar Ajame, tun daga Forum har bakin tashar mota, da masu shaguna a kan titin Nangui Abrogoua. Ina gaida na Tireshibil, na babbar kasuwa da na bakin tashar jiragen ruwa. Masu sayar da abincin garba da kuka hura wuta tun asuba, sannunku da aiki. Iyayenmu mata masu riƙon adashi, barkanku da ƙoƙari. Wanda ke da mai saye a gabansa ya sallame shi tukuna, don maganar yau tana son kunne biyu. Maganar kuɗi ce, kuɗin da kai da kanka ka ƙirga, ka kai banki, aka buga maka hatimi a takarda, ka koma gida hankalinka kwance.

Ranar Litinin 14 ga Fabrairu 2011, a makon Mauludi, waɗanda suka yi sammakon zuwa bankin BICICI sun tarar da ƙofa a rufe. Citibank ma haka. Ran Laraba Standard Chartered ya bi sahu. Ran Alhamis 17 ga wata sai SGBCI, wanda a lokacin babu bankin da ya kai shi girma a Kodebuwa. Cikin 'yan kwanaki yawancin bankuna masu zaman kansu sun ja ƙyaure. Waɗanda suka rage, layinsu ya zagaye gini, mutum ya wuni a rana, a ce masa ga iyakar abin da zai iya cira, ko a ce takardun kuɗi sun ƙare, ya dawo gobe. Ba a sake buɗe manyan bankunan nan a hannun masu su ba sai ƙarshen Afrilu. Sama da wata biyu ke nan.

Da yawa daga cikinku ba labari kuke ji ba, kuna wurin. Amma akwai yaran da yau suke riƙe da shago, waɗanda a 2011 ko makarantar allo ba a sa su ba. Saboda su zan bi maganar daga tushe, kuma saboda ko mu da muka tsaya a layin, ba kowa ne ya fahimci abin da ya same shi ba.

Ruwa ba ya tsami banza. An yi zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa ran 28 ga Nuwamba 2010. Ran 2 ga Disamba shugaban hukumar zaɓe, Youssouf Bakayoko, ya ce Alassane Ouattara ne ya ci da kashi 54 da ɗoriya. Washegari majalisar kare tsarin mulki, ƙarƙashin Paul Yao N'Dré, ta soke ƙuri'un wasu yankunan arewa, ta ce Laurent Gbagbo ne ya ci da kashi 51 da ɗoriya. Ƙasa ɗaya, shugaba biyu: Gbagbo a fada, Ouattara a otel ɗin Golf. Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka da ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka CEDEAO suka tsaya bayan Ouattara. Gbagbo kuwa yana da soja, yana da gidan talabijin, yana da ma'aikatu. Mai mulki da soja da ma'aikata dole ya biya albashi kowane ƙarshen wata. Duka ɓangarorin biyu sun san haka, shi ya sa tun kafin a ji manyan bindigogi a cikin Abijan, an riga an fara yaƙin a kan asusu.

Sefar da ke aljihunka ba ta Kodebuwa kaɗai ba ce. Ƙasashe takwas ke cin kasuwa da ita: Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gini Bisau, Mali, Nijar, Senegal da Togo. Babban bankinsu guda ne, BCEAO, hedikwatarsa a Dakar. Ran 23 ga Disamba 2010 ministocin kuɗi na ƙasashen nan takwas suka zauna a Bisau, suka ce daga yau wakilan Ouattara kaɗai ke da ikon taɓa asusun gwamnatin Kodebuwa. Gwamnan babban bankin a lokacin, Philippe-Henri Dacoury-Tabley, na kusa da Gbagbo ne, kuma an zarge shi da barin biliyoyin sefa su ci gaba da fita zuwa ɓangaren Gbagbo bayan wannan shawara. Ran 22 ga Janairu 2011, a taron shugabannin ƙasashen a Bamako, aka matsa masa ya ajiye aiki. Kwana kaɗan bayan nan gwamnatin Gbagbo ta ƙwace ofishin BCEAO na Abijan, jami'an tsaro suka shiga. Dakar ta mayar da martani, ta yanke igiyar da ta haɗa bankunan Abijan da sauran tsarin.

To a nan ne nake so mu ɗan zauna, don wannan igiyar ita ce zuciyar maganar.

Alhaji, in ka kai jika ɗari biyar banki, ba a ɗaure ta da roba a rubuta sunanka a jefa a akwatin ƙarfe ba. Banki yana riƙe kaɗan a hannu don masu zuwa cira yau da gobe, sauran ya ba da rance, ya sayi takardun bashin gwamnati, wani kaso kuma yana ajiye a asusunsa da ke babban banki. In takardun kuɗi suka yi masa ƙaranci, babban banki yake zuwa ya ɗebo. Sannan ga wani aikin da ba a gani. Mai sayen albasarka ya rubuta maka cek na bankinsa, kai ka kai naka bankin. Bankunan nan biyu ba sa aika yaro da buhun kuɗi a tsakaninsu. Kullum ana tattara abin da kowane banki ke bin ɗan uwansa, a cire wannan daga wancan, a biya ragowar ta asusunsu na babban banki. Kun san yadda dillalai biyu ke zama bayan la'asar, wannan ya ce ina binka talatin, wancan ya ce ni ma ina binka ashirin da biyar, sai a miƙa biyar a tashi? Haka ne, sai dai na bankuna a kwamfuta ake yi, kuma babban banki ne alƙalin zaman. Ranar da aka yanke wannan, cek ya zama takarda kawai, albashin da aka turo daga wani banki ya maƙale a hanya.

Gwamnatin Gbagbo ta kafa nata zaman lissafin a Abijan, ta ce bankuna su zo. Dakar ta ce duk bankin da ya je zai gamu da hukunci. Abijan ta ce duk wanda ya ƙi zuwa shi ma zai gani. Gaba kura, baya sayaki. BICICI, da ya tashi rufewa, dalilin da ya bayar shi ne ba zai iya ci gaba da aiki ba alhali babu tabbas a doka da lissafi, kuma babu tabbas ga lafiyar ma'aikatansa. Da labari ya bazu, kowa ya ruga nasa bankin. Na riga na faɗa muku banki kaɗan yake riƙewa a hannu, saboda haka ko mai ƙoshin lafiya ne, in duk masu ajiya suka zo rana ɗaya, ba zai iya ba. A daren 17 ga Fabrairu gwamnatin Gbagbo ta sanar cewa ta karɓe SGBCI da BICICI, daga baya ta buɗe wasu ƙofofi da ƙarfin hukuma don biyan ma'aikata. A gefe guda Ouattara ya hana fitar da koko tun 24 ga Janairu, Tarayyar Turai ta sa wa tashoshin jiragen ruwa na Abijan da San Pedro takunkumi. Ku da ke Tireshibil kun ga yadda bakin tasha ya yi tsit, 'yan dako suna zaune, masu sayar musu da abinci suna kallon tukunya.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Shiga babban banki da bindiga ɓarna ce, ko wa ya yi ta. Haka kuma dabarar shaƙe abokin gaba ta hanyar busar da kuɗin ƙasa, ko da mai yin ta yana da gaskiya a zaɓe, wuyan da ta fara kamawa ba na fada ba ne. Tsohon ma'aikaci mai jiran fansho ta kama, da mai hawan jini da ke neman kuɗin magani, da ɗan ci-ranin da iyalinsa ke jiran aike a Tawa ko Madawa. Ku tuna mai albasar da motarsa ta taso daga Galmi. Albasa ba ta jiran a sasanta rikicin siyasa. Mai saye yana da kuɗi, amma suna bayan ƙofar da aka kulle. Ko ya bayar bashi ga wanda bai san ranar biyansa ba, ko ya karyar, ko ya zuba ido tana ruɓewa.

Yanzu bari mu dubi su waye a kujerar babban bankin nan, don a nan za ku ga yadda ƙofar banki da ta fada suke kallon juna. Ouattara kansa gwamnan BCEAO ne daga 1988, kafin Shugaba Houphouët-Boigny ya kira shi a 1990 ya zama firaminista. Wanda ya gaje shi, Charles Konan Banny, daga can aka ɗauko shi a Disamba 2005 ya zama firaminista. Tiémoko Meyliet Koné, wanda ya hau kujerar a 2011 bayan rikici, a Afrilu 2022 ya zama mataimakin shugaban ƙasa. Jean-Claude Kassi Brou da ya karɓe shi tsohon minista ne, kuma tsohon shugaban hukumar CEDEAO. Ban ce ɗayansu bai san aiki ba, masana ne. Abin da nake nuna muku shi ne, al'ada ta sa kujerar gwamna ta Kodebuwa ce, shugaban Kodebuwa ne ke miƙa suna. Lokacin zaman lafiya ba wanda ke damuwa da wannan. Ranar da aka samu mutum biyu kowa na cewa shi ne shugaba, sai tambaya ta taso: gwamnan nan, na ƙasashe takwas ne, ko na wanda ya miƙa sunansa? A 2011 masu ajiya ne suka biya kuɗin amsar.

Sai 'yan jarida, kuma a nan da mu nake, don ni ma bakin makirfo nake zaune.

Kowa a garin nan ya san masu karatun kanu, waɗanda ake wa laƙabi da titirolog. Da safe a Ajame za ka gan su cirko-cirko gaban allon mai jarida, a karanta manyan haruffan shafin farko, ba a saya ba, ba a buɗe ciki ba, a tafi da labari a baki. A wancan lokaci allon nan kashi biyu ne. Ga shuɗɗan jaridu na ɓangaren Gbagbo, irin su Notre Voie da Le Temps. Ga koraye na ɓangaren Ouattara da abokin tafiyarsa Bédié, irin su Le Patriote da Le Nouveau Réveil. Fraternité Matin ta gwamnati, wadda gidanta ke nan Ajame, tana hannun masu riƙe da fada, haka ma gidan talabijin na RTI. Tun 2 ga Disamba 2010 aka toshe RFI da France 24 da TV5. Ouattara ya buɗe tasa talabijin, TCI, daga otel ɗin Golf. A ƙarshen Fabrairu har saƙon SMS aka datse, kuma jaridun da ke goyon bayan Ouattara sun dakatar da fitowa na wani lokaci saboda barazana.

A irin wannan hali, rufe banki ɗaya sai ya zama labari biyu. A wannan gefen allo, makircin Faransa ne don a durƙusar da ƙasa. A wancan gefen, alama ce mulkin Gbagbo ya zo ƙarshe. Kowa ya samu abin jifan abokin gaba. Amma tambayoyin da Hajiya mai atamfa a kasuwar Tireshibil ke yi daban ne. Kuɗina suna nan ko sun tafi? Cek ɗin da na karɓa jiya zai biya? In gwamnati ta buɗe bankin da ƙarfi na cira, gobe masu bankin za su yarda da lissafin? Waɗannan tambayoyi ba su da launi, shi ya sa ba su cika hawa shafin farko ba. Inda aka bar gurbi kuwa jita-jita ke cikawa. Aka yi ta yaɗa cewa za a fita daga sefa a buga sabon kuɗi, wanda ya tsorata mutane ƙwarai, don akwai masu tunawa da Janairu 1994, lokacin da aka kwana faran ɗin Faransa ɗaya na sefa 50, aka tashi yana 100.

Na san an yi wa 'yan jarida barazana a wancan lokaci, an kama wasu, an fasa ofisoshi, kuma ban raina wannan ba. Duk da haka, bayanin yadda banki ke aiki ba ya buƙatar ka zaɓi ɓangare. Aikinmu ne, kuma ba mu yi shi yadda ya kamata ba, musamman cikin harsunan da kasuwa ke ji. Sanarwar da aka manna a ƙofar banki da Faransancin lauyoyi, wa ya fassara wa mai garba ita da Hausa ko Zabarmanci ko Jula?

Wannan ya kawo ni kan shugabannin bankunan kasuwanci. Mu Hausawa ba baƙin ajiya ba ne. Tun zamanin fataken goro na Gwanja akwai mai gida a zango. Baƙo ya sauka wurinsa, ya ba shi kayansa, ya ba shi kuɗinsa ajiya, mai gida ya tsaya masa a ciniki, ya lamunce wa mai saye. Ba hatimi, ba sa hannu. Jarin mai gida sunansa ne. In wata fitina ta taso har ya ga dole ya rufe gida, abu na farko da zai yi shi ne ya tara baƙinsa, ya ce ga halin da ake ciki, ga abin kowa, ga yadda za mu yi. Wanda ya kulle ya tafi ba sallama, ko daga baya ya dawo da kuɗin cif, ya gama zama mai gida a wannan zango.

Da wannan mudu nake auna abin da ya faru. Na yarda an sa daraktocin bankuna a tsaka mai wuya. Na yarda ran ma'aikaci ya fi kuɗi. Kuma gaskiya ce a faɗe ta, da aka buɗe a ƙarshen Afrilu mutane sun koma ga asusunsu, bankunan ba karyewa suka yi ba. Amma shawarar rufewa an yanke ta tsakanin unguwar Filato ta Abijan da manyan ofisoshi a Faris da Landan da New York, mai ajiya kuwa a bakin ƙofa ya ji. Wanda ya kawo cinikin sati ran Juma'a an karɓa, ran Litinin ya zo ya tarar da kwaɗo. Mai babban kamfani yana da lambar darakta, yana da asusu a Accra ko Lome. Mai tebur a Ajame ba shi da kowa sai mai gadi.

Abin da ya riƙe kasuwa a watannin nan kuwa tsohon tsarinmu ne: bashi kan amana, adashi, aike ta hannun direba, da ɗan kasuwar da zai karɓi kuɗinka a Ajame ya sa ɗan uwansa ya biya iyalinka a Maraɗi. Kada wani ya ji wannan ya ce to a koma binne kuɗi a ɗaki. Na Tireshibil ba su manta gobarar babbar kasuwa ta 1997 ba. Kuma bayan fashin da aka yi a reshen BCEAO na Buwake a Satumba 2003, a ƙarshen 2004 an janye takardun kuɗi samfurin 1992 daga ƙasashen takwas gaba ɗaya, masu ɓoyo a gida suka yi ta rububin canji kafin wa'adi ya cika. Ko'ina da nasa haɗarin. Abin da ɗan kasuwa mai hankali ke yi shi ne ya rarraba: wani abu a banki, in da hali bankuna biyu da ba uwa ɗaya ba, wani a waya, wani a kaya, da ɗan abin da zai ci da gida na makonni a hannu. Ka riƙa karɓar takardar lissafin asusunka kana adanawa, don ran da kwamfuta ta yi shiru ita ce shaidarka. Ka kuma sani, tun 2014 ƙasashen sefa sun kafa asusun lamunin ajiya, wanda ke biyan mai ajiya in an rushe bankinsa, amma da iyaka: sefa 1,400,000 a banki, 300,000 a ƙananan asusun rance. Ka tambayi bankinka wannan, haƙƙinka ne. Sannan in ka ga kanu a allo cewa banki kaza zai rufe, kafin ka ruga, duba wace jarida ce, ta wa ce, ka karanta ta ɗaya gefen, ka nemi sanarwar bankin da kansa ko ta BCEAO.

Kada kuma a ɗauka wannan tarihin Abijan ne kaɗai. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mali ta ɗanɗana a Janairu 2022, aka daskarar da asusun gwamnatinta a BCEAO har zuwa Yuli. Nijar ta ɗanɗana bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023: ran 30 ga wata aka sa takunkumi, takardun kuɗi suka yi wuya a bankunan Yamai da Maraɗi da Damagaram, ba a ɗage ba sai Fabrairu 2024. Ku da kuka yi ta neman hanyar aika wa gida a watannin nan kun fi ni sani. A Najeriya kuwa ba juyin mulki aka yi ba. Gwamnan babban banki na lokacin, Godwin Emefiele, wanda a Mayu 2022 sunansa ya shiga cikin masu neman takarar shugaban ƙasa yana kan kujerarsa, shi ne ya jagoranci sauya fasalin naira, gab da zaɓen 2023. Mutanen Kano da Katsina suka kwana a gaban na'urar cirar kuɗi, ana sayen naira da naira.

An kama Gbagbo ran 11 ga Afrilu 2011, bayan rikicin ya ci rayuka kusan 3,000, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A Janairu 2018 wata kotu a Abijan ta yanke masa ɗaurin shekara 20 ba ya nan, tare da tsoffin ministocinsa uku, kan kuɗin BCEAO. A Agusta 2022 Shugaba Ouattara ya yi masa afuwa. Kuɗin babban banki sun samu alƙali da lauyoyi da ranar shari'a. Albasar da ta ruɓe a bayan mota, da shagon da bai sake buɗewa ba, da jarin adashin da aka cinye a tukunya cikin makonni goman nan, suna nan a bakin waɗanda abin ya shafa, a Ajame da Tireshibil. Shi ya sa mako mai zuwa ni zan yi shiru, ku za ku yi magana. Duk wanda ya tsaya a layin nan na Fabrairu 2011, Alhaji ko Hajiya, mai shago ko ɗan dako, ya zo ya faɗa mana abin da ke asusunsa ranar da aka rufe, da yadda ya ciyar da gidansa har aka buɗe.

Sai Allah ya kai mu.